Tafiya Maldif, ƙasar da wurin kakanninmu ya fito: daga shirin gida har komowa

Duk wanda ya taɓa cewa wane ya kashe kuɗi wuri na gugar wuri, ya taɓo Maldif bai sani ba. Wurin nan da aka yi ciniki da shi a Kurmi da kasuwar Damagaram kafin zuwan sulalla, wanda jam'insa ne ya zama kalmar kuɗi, asalinsa daga waɗannan tsibirai na Tekun Indiya aka riƙa kwaso shi. Mutanen can sukan shimfiɗa ganyen kwakwa a ruwa marar zurfi, dodon wurin ya zo ya manne, a jawo ganyen bakin gaɓa, a bar naman ya ruɓe a cikin rairayi, a wanke kwanson. Ibn Batuta, wanda ya yi alƙalanci a tsibiran wajen 1343, ya tarar ana ba da wuri 400,000 a dinari ɗaya. Bayan kamar shekara goma, da ya iso Mali da Gawo, sai ya ga 1,150 ne a dinarin. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa loda shi buhu-buhu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka hauro da shi Arewa. Har gobe tambarin hukumar kuɗin ƙasar hoton wuri ne.

Yanzu kuwa mu ne ke kai musu kuɗin. Angwaye da amare na zuwa cin amarci, hotunan ɗakunan katako a kan shuɗin ruwa sun cika wayoyi. Sai dai akasarin masu shirin tafiyar ɗakin kawai suke kallo, alhali abin da ke gyara tafiyar ko ya ɓata ta shi ne wane tsibiri ka zaɓa, da kuma jirgin da zai kai ka can daga filin jirgi.

Mataki na farko: ka san irin ƙasar da za ka

A tikiti da shafukan intanet Maldives za ka ga an rubuta. Tana kudu maso yammacin Indiya da Siri Lanka, tsibirai ne kusan 1,190 a jere daga arewa zuwa kudu, tsawon fiye da kilomita 800, har ƙarshensu ya ƙetare layin da ya raba duniya biyu. Idan aka haɗa busasshiyar ƙasarsu duka, ba ta wuce murabba'in kilomita 300 ba. Tsibiran a zobe-zobe suke, zobe 26, kowanne murjani ne ya ginu a kewaye da tafkin teku mai kwanciya. A harshensu atolu suke ce wa zoben, daga nan ma Turawa suka ari kalmar. Waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba.

Babu dutse, babu kogi, babu tudun da za ka hau ka yi haki. Matsakaicin tsayin ƙasar daga kan teku mita ɗaya da rabi ne, babu ƙasar da ta kai ta ƙasa-ƙasa a duniya. Shi ya sa maganar ɗumamar yanayi a can ba hirar taro ba ce. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta ratsa wasu tsibirai daga wannan gaɓa zuwa waccan, kuma a 2009 shugaban ƙasa na lokacin, Mohamed Nasheed, ya zaunar da majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa don duniya ta waiwayo.

Jama'ar ta ɗan haura rabin miliyan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu baƙin ma'aikata ne, mafi yawansu 'yan Bangaladash. Harshensu Dhivehi, rubutunsu Thaana, daga dama zuwa hagu kamar ajami. Ka ƙura masa ido za ka yi dariya, don haruffa tara na farko daga alƙaluman Larabci na ɗaya zuwa tara aka samo su, ga kuma wasulla sama da ƙasa. Turanci yana biyan buƙata kusan ko'ina. Sarkinsu ya musulunta a 1153, kafin nan addinin Buda suke bi, kuma tsarin mulkin 2008 ya ce sai Musulmi ne ɗan ƙasa. Sun sami 'yanci daga Ingila ranar 26 ga Yulin 1965, suka ajiye sarauta a 1968.

Mataki na biyu: zaɓen tsibiri

A nan zan daɗe, domin Maldif biyu ce.

Ta farko ita ce ta hoto. Tun da aka buɗe otal na farko, Kurumba, a 1972, tsarin shi ne tsibiri guda, otal guda. Babu gari a kai, babu kasuwa, babu makaranta, daga baƙi sai ma'aikata. An ware su ne da gangan don kada al'adar baƙi ta cakuɗu da ta 'yan ƙasa, saboda haka a can ne aka yarda da giya da naman alade da guntayen kayan wanka a bakin ruwa. Kyau kam akwai shi, ba a magana. Amma da zarar ka sauka ka shiga hannu: ruwan sha, shayi, abinci, jirgin fita, duk farashin da suka yanka shi za ka biya, don babu shagon maƙwabci. Idan nan ranka ya kwanta, ka karɓi tsarin da ya haɗa kwana da ci uku, ka rubuta musu tun kana gida ka tambayi yadda suke raba girkin halal da wanda ba shi ba, ka ce a kwashe kwalaben da ke cikin firjin ɗaki. Yawanci akwai ɗan masallacin ma'aikata a bayan tsibirin, idan ka tambaya za su nuna maka.

Ta biyu ita ce tsibiran da mutane ke zaune. Sai a 2009 aka ba 'yan ƙasa damar buɗe gidajen baƙi a garuruwansu, tsibirin Maafushi ya fara a 2010. Teku ɗaya ne da na masu tsada, rairayi ɗaya, kifi ɗaya, kuɗin kwana kuwa ko kusa. Babu giya, duk abincin halal ne, kiran salla kana ji daga kan gado, kuma ba za ka ga kare ko ɗaya ba, don doka ta hana kiwonsa. Turawa masu son kayan wanka an killace musu wani gefen gaɓa, saura duk na masu sutura ne. Matan garin da kayansu suke shiga ruwa, saboda haka uwargida ko amarya ba za ta ji ta fita daban ba. A ganina Bahaushen da ya je da iyali a nan ya fi sakewa. Mai son hoton nan dole, akwai otal-otal da ke karɓar baƙin yini: ka biya, a kai ku da safe, a dawo da ku da yamma.

Maafushi ya fi kowanne hada-hada da sauƙin zuwa, amma ya cika, gine-gine sun yi masa yawa. Gulhi da ke kusa da shi ƙarami ne, shiru. Dhiffushi da Thulusdhoo suna arewa da babban birni, Male, ba nisa. Thoddoo tsibirin manoma ne, kankanarsa ce ke cika kasuwar Male da azumi, ga gwanda, za ka hau keke ka ratsa gonaki har ka ɓulla bakin teku. Ukulhas ya yi suna wajen tsabta. Dhigurah dogo ne siriri, a ruwansa ake ganin ƙaton kifin nan mai ɗige-ɗige wanda ya fi kowane kifi girma amma ba ya cizo. Can kudu akwai Fuvahmulah mai tafkunan ruwan daɗi, da Addu inda sojan saman Ingila suka zauna har 1976, sai dai waɗannan sai da jirgin sama na cikin gida. Mai kwana biyar kada ya wuce tsibiri biyu. Wanda ya jera huɗu, a kan ruwa zai ƙare hutunsa.

Mataki na uku: lokaci

Zafi kusan ɗaya ne duk shekara, tsakanin digiri 25 da 31, da gumi irin na Legas. Iska ce ke raba shekara biyu. Daga Disamba zuwa Afrilu iruvai ke busawa daga arewa maso gabas, sama garau, teku kwance, farashi a sama, musamman ƙarshen Disamba. Daga Mayu zuwa Nuwamba hulhangu ce, mai ruwa da igiya, ɗakuna su yi sauƙi. Ruwan yakan zuba ya ɗauke, amma ranar da teku ya tashi, ƙaramin jirgi sai ya girgiza maka hanji. Mai jin jiri a mota ya nufi Fabrairu ko Maris.

Da azumi gidajen abinci na tsibiran gari a rufe suke da rana, jirage ma sukan sauya lokaci. Salla kuwa sunanta irin namu ne: Kuda Eid, wato ƙarama, da Bodu Eid, babba. A lokacin ne aka fi buga boduberu, manyan gangunan da su da kansu suke danganta asalinsu da gabashin Afirka.

Mataki na huɗu: takardu da kuɗi

Ba a neman bizar yawon buɗe ido daga gida. A filin jirgi ake buga ta, kyauta, ta kwana 30. Sai dai jami'in da ke gabanka yana da ikon ya hana, kuma mai koren fasfo ya san ana ƙara masa tambaya, don haka ka je da komai a buge a takarda, kada ka dogara da waya: tikitin komowa, shaidar kama ɗaki a masauki mai rajista na dukan kwanakin, da abin da zai nuna kana da guzuri. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida, ka huta da gardamar ma'aikatan jirgi. Cikin awa 96 kafin saukarka za ka cike fom ɗin matafiya a shafin hukumar shige da fice mai suna IMUGA. Kyauta ne. Duk shafin da ya nemi ka biya, ba shi ba ne.

Abin da ya fi kama mutanenmu shi ne katin rigakafin shawara. Wanda ya taso daga Nijeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi ko Sudan dole ya nuna shi, kuma katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana goma. Kada ka bari sai ana jibi tafiya.

Kuɗinsu rufiya, kowace ɗaya lari 100, canjin hukuma 15.42 a dala. Masaukai da masu jirage dala suke karɓa, rufiya kuwa ta shagon shayi ce da jirgin fito da tasi. Ka riƙe dala a hannu, sababbi, marasa yagewa ko rubutu, don tsohuwar takarda sai a miƙo maka abarka. Katin naira kada ya zama shi kaɗai ne madogararka.

Sai haraji, inda ido ke raina fata. Farashin da ka gani a intanet sau da yawa tsirara yake. Ana ɗora kashi 10 na hidima, sannan harajin yawon buɗe ido kashi 17, sannan harajin muhalli na kowane mutum a kowane dare, dala 6 a ƙananan gidajen baƙi, 12 a manyan otal. Ɗakin dala 100 na mutum biyu a tsibirin gari, kafin ka ankara ya haura 140. Ka tambaya a rubuce: nawa ne jimla, har da jirgin ɗauko mu?

A jaka kada a sa giya, naman alade, gumaka, ko sigarin lantarki, wanda aka hana shigo da shi tun ƙarshen 2024. Miyagun ƙwayoyi hukuncinsu mai tsanani ne, saboda haka kada ka karɓi saƙon kowa, maganin asibiti kuma ya zo da takardar likita. Soket ɗinsu mai ƙafa uku ne irin na Nijeriya, mutanen Nijar su riƙo mahaɗi.

Mataki na biyar: hanya, da guntun da ya fi wuya

Babu jirgi kai tsaye daga yankinmu. Ta Doha ake bi, ko Dubai, ko Istanbul. Daga biranen Larabawan nan biyu awa huɗu zuwa biyar ne, daga Istanbul wajen takwas. Agogonsu yana gaban na Kano da Yamai da awa huɗu. Filin jirgin Velana a tsibirinsa yake, Hulhule, kana fitowa daga ƙofa teku ne a gabanka, jiragen ruwa sun jeru kamar tasi a tasha. Gadar Sinamale da aka buɗe a 2018 ta haɗa shi da Male, akwai kuma titi zuwa Hulhumale, tsibirin da aka cike teku aka gina. Kafin ka bar filin ka sayi layin Dhiraagu ko Ooredoo.

Daga nan, ban da jirgin sama na cikin gida, hanya uku ce. Jirgin fito na gwamnati shi ne na talaka: zuwa Maafushi awa ɗaya da rabi, kuɗin bai wuce dala biyu zuwa uku ba, kana zaune da masu buhunan shinkafa da katan-katan na ƙwai. Amma ba kullum yake zuwa kowane tsibiri ba, kuma ranar Juma'a akasari ba ya tashi. Ƙaramin jirgi mai gudu yana yin tafiyar cikin minti 30 zuwa 45 a kan wajen dala 25, mai masaukinka ne zai kama maka kujera. Na uku jirgin sama mai sauka a kan ruwa, na zuwa otal-otal masu nisa. Ɗaruruwan daloli ne kowane mutum, kaya kilo 20 da jakar hannu kilo 5, kuma da rana kaɗai yake tashi. Wanda ya sauka bayan la'asar sai ya kwana a Hulhumale.

Ni kaina a nan na sha ta. Na sayi tikiti mai araha ban duba ranar sauka ba, ashe Juma'a ce. Na ja akwati har tashar fito na tarar da ita wayam, sai wani dattijo a kan benci yana tauna ɗan goron nan nasu da ake yankawa siriri a naɗe a ganye. Ya dube ni, ya dubi akwatin, ya ce "Hukuru." Kalmar Dhivehi ta farko da na koya ke nan, Juma'a. Abin da na rage a tikiti, a kwanan dole da jirgi mai gudu ya tafi. Saboda haka ka juya lissafin: fara tambayar mai masauki ranaku da lokutan jirgin tsibirinsa, sannan ka sayi tikitin da ya dace da su.

Mataki na shida: zama da mutane

Sallama ita ce gaisuwa. Shukuriyya na gode, kihineh yaya kake, rangalhu lafiya lau, miskiy masallaci. Mutane ne masu kawaici, ba su da hayaniya, ba a kuma cika taya kaya a shago ba. Da yamma za ka gan su a bakin gida a kan joali, kujerar igiya da aka saƙa a jikin ƙarfe. A cikin gari namiji ya sa riga, wando ya rufe gwiwa, a cire takalmi a ƙofar gida. Shaguna sukan rufe na ɗan lokaci idan an kira salla. Hutun mako Juma'a da Asabar ne.

Wajen salla akwai abin lura. Mu da muka saba cewa a fuskanci gabas, a can alƙibla arewa maso yamma take. Asubar farko na shimfiɗa darduma ina kallon inda gari ke wayewa, sai da na sallame na hango kibiya a manne a rufin ɗaki tana nuna bayana. Shafi'iyya ne su, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, a asuba kuma ya yi ƙunuti a bayyane bayan ruku'u, hannaye a sama. Ka bi liman kawai.

Abinci kifi ne da kwakwa, safe da dare. Karin kumallo mas huni: kifin tuna a marmashe da kankararriyar kwakwa da albasa da barkono da lemun tsami, a ci da roshi, wata 'yar siririyar gurasa. Garudhiya romon kifi ne garau da ake zuba wa shinkafa. Da la'asar ka shiga shagon shayi ka ce a kawo hedhikaa, ƙananan soye-soye irin su gulha, dunƙulen ƙullu mai kifi a ciki, da bajiya mai kama da samosa. Barkononsu githeyo mirus ɗan'uwan attaruhu ne, ba a yi masa gaggawa. Tunan nan da sanda da ƙugiya suke kama shi, ɗaya bayan ɗaya, ba da koma ba, suna kuma alfahari da hakan. Mai kewar nama ya riƙo yajinsa, kaza da saniya duk daga waje ake shigo da su a daskare. Ruwan famfo na teku ne aka tace, ka tambayi mai masauki kafin ka sha.

Zazzaɓin cizon sauro irin namu babu shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka a 2015, amma akwai dengi, kuma sauronsa da rana yake cizo. Manyan asibitoci a Male suke, tsibirai ƙananan cibiyoyin lafiya gare su.

Sai teku. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, kuma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Tafkin cikin zobe yana da kwanciya, kana hango ƙafarka a ƙasa, amma a bakin murjani ƙasa takan yanke lokaci guda, a mashigin da ke tsakanin tsibirai kuma ruwa yana ja da ƙarfi. Ka sa rigar da ke hana nutsewa ko da kunya, ka gaya wa mai jirgi gaskiya cewa ba ka iya ba, zai ba ka zoben roba ya ja ka. Da gilashin ido da bututun numfashi za ka kwanta a saman ruwa ka ga abin da bakina ba zai iya faɗa ba. Kada ka taka murjani: yana yanka, kuma abu ne mai rai, wanda zafin teku na 1998 da 2016 ya riga ya kashe da yawansa. Farin rairayin da kake takawa ma garinsa ne, shi ya sa ko da tsakar rana ba ya ƙona tafin ƙafa kamar namu.

Mataki na ƙarshe: komowa

Daren ƙarshe ka kwana a Male ko Hulhumale, kada igiya ta sa jirgi ya tashi ya bar ka. Yinin nan ka ba Male. Tsibirin ɗan mitsitsi ne, a ƙafa ake zagaye shi, amma birnin da unguwanninsa sun ɗauki kusan kashi 40 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, babura kamar Kano kafin a hana acaɓa, kuma ta hagu suke tuƙi, ka duba da kyau kafin ka tsallaka. Ka je Hukuru Miskiy, tsohon masallacin Juma'a da aka gama a 1658 da tubalin murjani mai sassaƙa. Daura da shi akwai kabarin da ake danganta wa Abul Barakat, malamin da aka ce a hannunsa sarki ya musulunta. Babban masallaci mai ƙubbar zinariya na 1984 yana ɗauke da sunan Muhammad Thakurufaanu, wanda ya kori 'yan Fotugal a 1573. Da yamma ka leƙa kasuwar kifi lokacin da jiragen masunta, dhoni, ke sauke tuna.

Rufiyar da ta rage ka kashe ta a can, ba ta da amfani a Wapa. Murjani da ƙoƙon kunkuru haramun ne fita da su, wurin da ka tsinta a gaɓa ma ka kalle shi ka mayar. Tsaraba akwai tabarmar Gadhdhoo mai zane, da akwatunan katako masu fentin ja da baƙi da rawaya na Thulhaadhoo, sai ka duba da kyau, don da yawan kayan shagunan baƙi daga waje aka kawo su. A kasuwar 'yan gari ta bakin ruwa za ka sami ƙyafaffen tuna, valhomas, da rihaakuru, romon kifin da aka dafa har ya yi kauri ya yi baƙi, cokali ɗaya yana tayar da miya kamar daddawa. Kwalbarsa ka naɗe ta a leda biyu, ka cusa a tsakiyar babban akwati, nesa da shaddar da za ka sa ranar Juma'a.